Na'urorin Iska da Na'urorin Jairo a Ƙaramin Jirgi: Wanne Ɗalibi Zai Fi Yarda da Shi?

Ɗan'uwanmu da ke shirin tafiya Zariya domin koyon tuƙin jirgi a kwalejin horar da matuƙa jiragen sama ya yi tambaya mai kyau. Ya ce ya ji cewa agogo shida da ke gaban matuƙi a ƙaramin jirgi sun kasu gida biyu, uku suna aiki da iska, uku kuma da jairo, yana so ya san bambancinsu da kuma wanda ya kamata ya fi dogara da shi. Malam, ga abin da na sani, Allah Ya sa ya amfane ka.

Ukun farko su ne ma'aunin gudu, da ma'aunin tsayi wanda matuƙa ke kira altimita, da ma'aunin saurin hawa da sauka. Babu inji a cikinsu, kuma ba sa buƙatar lantarki kafin su yi aiki, matsin iska kaɗai suke aunawa. Iskar tana shigar musu ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce bututun Pitot, ɗan siririn bututu da ke fuskantar gaba a ƙarƙashin fiffike, wanda aka raɗa wa sunan injiniyan Faransa Henri Pitot da ya ƙirƙiro shi a 1732 domin auna gudun ruwan kogi. Ta biyu kuma 'yar huda ce a gefen jikin jirgi, wadda take ɗaukar matsin iskar da ke kewaye da jirgin ba tare da bugun gaba ba. Ma'aunin gudu shi kaɗai ne yake shan iska daga wuraren biyu, yana kwatanta su, bambancin da ya samu shi ne gudun da allura take nunawa. Altimita da ma'aunin hawa da sauka kuwa hudar gefe kawai suka sani. A cikin altimita akwai wasu 'yan gwangwanaye masu laushi da aka rufe ruf, waɗanda suke kumbura idan jirgi ya yi sama matsin iska ya ragu, su kuma motse idan ya yi ƙasa, wannan motsi nasu ne yake juya allura.

Ukun na biyu su ne ma'aunin zaman jirgi, wanda yake nuna ko hanci ya ɗaga ko fiffike ya karkata, da ma'aunin alkibla, da ma'aunin juyawa. Kowannensu yana ɗauke da wani ƙaramin faifai mai nauyi da yake juyawa da tsananin sauri, shi ne jairo. Duk wanda ya taɓa murza katantanwa yana yaro ya san cewa muddin tana juyawa da ƙarfi tana nan tsaye, da zarar ƙarfin ya fara raguwa sai ta soma layi. Haka jairo yake riƙe matsayinsa, jirgin ne yake karkata a kewaye da shi, agogon kuma ya nuna maka iyakar karkatar. A yawancin tsofaffin jiragen koyo, famfon zuƙar iska da injin jirgi ke juyawa shi ne yake tafiyar da ma'aunin zaman jirgi da na alkibla, shi kuwa ma'aunin juyawa lantarki ne yake tafiyar da shi. An raba su haka da gangan ne, domin idan ɗaya hanyar ta mutu, ɗayar ta rage.

To, idan aka jera su, na iska suna gaya maka sakamakon abin da jirgi ya riga ya yi, shi ya sa suke da ɗan jinkiri, musamman ma'aunin hawa da sauka da kan ɗauki daƙiƙa 6 zuwa 9 kafin ya tsaya a kan gaskiya. Na jairo suna nuna yadda jirgin yake zaune a wannan lokacin, nan take. Kowane ɓangare kuma yana da gyaran da yake nema a hannun matuƙi. Altimita tana buƙatar a saka mata matsin iskar wurin da aka lissafa zuwa matakin teku, wato QNH da hasumiyar filin jirgi take bayarwa. Da hektofaskal ake auna matsin iska, matsin ƙa'ida da duniya ta amince da shi a matakin teku kuwa hektofaskal 1013 ne, kuma kuskuren hektofaskal ɗaya yana jawo kuskuren kusan ƙafa 30. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano yana da tsayin kusan ƙafa 1,560 daga matakin teku, saboda haka idan ka saka QNH kana ƙasa, allura ta zauna nesa da wannan adadi, to akwai matsala tun kafin ka tayar da inji. Ma'aunin alkibla shi ma yana zamewa a hankali, saboda gogayyar da ke cikinsa da kuma juyawar duniya, don haka ake daidaita shi da kamfas kusan duk minti 15 yayin da jirgi yake tafiya a miƙe. A Kano, da muke kusan digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, zamewar da juyawar duniya take jawowa ba ta wuce kusan digiri 3 a awa ba, sauran galibi daga gogayyar cikin na'urar ne.

Amma inda na fi so ka tsaya ka natsu shi ne yadda kowannensu yake lalacewa, domin a nan ne ainihin bambancin yake. Na'urorin iska suna lalacewa ne ta hanyar toshewa, kuma toshewar tana da alamomi sanannu. Idan bututun Pitot ya toshe gaba ɗaya, har da 'yar hudar da ruwa ke fita, ma'aunin gudu sai ya koma yana aiki tamkar altimita: kana hawa yana ƙaruwa, kana sauka yana raguwa. Haɗarin a fili yake, domin matuƙi yana ganin gudu ya yi yawa sai ya ƙara ɗaga hanci, alhali jirgin yana gab da rasa iskar da take ɗauke da shi. Idan kuma hudar gefe ce ta toshe, altimita takan daskare a inda take, ma'aunin hawa da sauka ya koma sifili, ma'aunin gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya a hawa, sama da gaskiya a sauka. Wannan ba labarin littafi ba ne kawai. A watan Fabrairun 1996 jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, masu bincike kuma suka fi zargin cewa zanzaro ne ya yi gini a cikin bututun Pitot lokacin da jirgin ya daɗe a ajiye. A watan Oktoban wannan shekarar jirgin Aeroperú ya faɗi da mutum 70 saboda an manta da salatif da aka liƙa a kan hudojin gefe lokacin wanke shi. Mu da muke da zanzaro a kowane lungu, ga kuma ƙurar hunturu da take shiga ko'ina, ba mu da uzurin barin jirgi ya kwana babu murfi a kan bututunsa, ko mu tashi ba mu durƙusa mun leƙa cikinsa ba.

Lalacewar jairo ta fi wannan yaudara. Idan famfon zuƙar iska ya mutu, ma'aunin zaman jirgi ba ya tsayawa farat ɗaya. Jairon yana rage gudu ne sannu a hankali, hoton da yake nunawa yana karkata kaɗan-kaɗan, matuƙin da ya ƙura masa ido shi kaɗai kuma sai ya riƙa bin sa yana gyara jirgin da lafiyarsa ƙalau, har ya kai shi ga juyawar da bai sani ba. A rana mai haske wannan ba wani abu ba ne, domin kana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa da idonka. A cikin hazon watan Disamba da Janairu kuwa, lokacin da mai tsayawa a kan Dala ba ya iya hango Goron Dutse sosai, wannan layi yakan ɓace gaba ɗaya, kuma kunnen ciki da ɗan'adam yake jin daidaito da shi ba ya iya bambance juyawa mai laushi da tafiya a miƙe. Shi ya sa ƙaramin agogon da yake nuna ƙarfin zuƙar iska, wanda ɗalibai da yawa suke rainawa, ya cancanci a riƙa kai masa ido a kai a kai.

Ra'ayina a kan tambayarka ta biyu shi ne kada ka zaɓi ɓangare ɗaya, domin an tsara su ne kowanne ya zama shaida a kan ɗan'uwansa. Idan ma'aunin zaman jirgi ya ce hanci yana daidai, amma altimita tana raguwa, gudu kuma yana ƙaruwa, to shaidu biyu sun ƙaryata ɗaya. Idan ya ce fiffike ya karkata, amma ma'aunin juyawa mai lantarki da kamfas sun ce a miƙe kake, ka san wanda za ka tuhuma. Sai dai idan batun abin da za ka fara ƙwarewa a kai ne, ina ganin ka fara da na iska, saboda yawancin matsalolinsu ana kama su ne a ƙasa, da ido da kuma duba allurar gudu ta motsa yayin da jirgi ya fara gudu a kan titin tashi.

Mai yiwuwa jirgin da za ka samu ya zama na zamani, irin su Diamond DA40 mai allon Garmin G1000, inda babu agogo shida a jere. Kada wannan ya sa ka ɗauka karatun ya tsufa. An maye gurbin jairo mai juyawa da na'urorin lantarki marasa motsi, kwamfuta ce kuma take lissafin gudu da tsayi, amma iskar da take lissafi da ita har yanzu ta bututun Pitot da hudar gefe take shigowa, kuma idan suka toshe allon zai nuna maka ƙarya iri ɗaya da ta tsohon agogo. Kafin ka tafi, ka nemi littafin jirgin da za ka fara da shi, ka gano inda bututun da hudojin suke, da abin da yake tafiyar da kowace na'ura, da kuma inda makunnin hudar gefe ta ko-ta-kwana yake a cikin ɗakin matuƙi.