Jacqueline a bakin Bafaranshe da a bakin Baturen Ingila

'Yar'uwa, kin tambaya ko Jacqueline da Jackie suna ɗaya ne, da kuma dalilin da ya sa mutanen Nijar ke faɗinsa daban da yadda ake faɗa a Nijeriya. Suna ɗaya ne, amma harsuna biyu suka riƙe shi, kowanne da irin nasa riƙon.

Asalinsa Faransanci ne. Sunan namiji shi ne Jacques, na mace kuma Jacqueline. Shi Jacques ɗin, in aka bi sawunsa ta Latin, za a tarar ya koma ga sunan Annabi Yakubu, Alaihis Salam. Turawan Ingila suna da nasu siffofin wannan suna na maza, Jacob da James, amma da suka zo na mace sai suka ɗauko na Faransa yadda yake, suka lanƙwasa shi da bakinsu.

Bafaranshe yana faɗinsa gaɓa biyu, Jak-lin, ya ja ƙarshen ya ɗora nauyin murya a kansa. Harafin farko kuma a sake yake fita, tsakanin j da sh, kusan yadda za ki ji wasu mutanen yammacin ƙasar Hausa na sassauta j. Haruffan nan biyu na tsakiya, q da u, a wurinsa k ne kawai. Wanda ya yi makaranta a Maraɗi ko Damagaram haka ya koya, shi ya sa kika ji bambancin.

Mai Ingilishi kuwa j ɗinsa mai ƙarfi ne, kamar na "jaka", kuma gaɓar farko yake dannawa, ƙarshen ya gajarce. Daga nan sai hanya ta rabu: wasu su ce Jaklin, wasu Jakalin, wasu kuma, musamman a Amurka, su ce Jakwalin, domin a karatunsu q da u sautin kw suke bayarwa. Rubutun ma bai tsira ba. Akwai Jacquelyn, akwai Jacklyn, akwai Jaclyn, duk mutane ne suka rubuta abin da kunnensu ya ji. A Faransa rubutun asali ne ya fi rinjaye nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne batun lakabi. Mai Ingilishi in ya ga sunan, Jack yake hangowa a farkonsa, sai ya yanke ya ce Jackie. Alhali Jack a Ingilishi lakabin John ne, ba na Jacob ba. Dubi gidan shugaban Amurka John Kennedy: shi ana ce masa Jack, matarsa Jacqueline ana ce mata Jackie, har mutum ya zaci sunan nasu tushe ɗaya ne. Ita dangin mahaifinta, Bouvier, daga Faransa suka samo asali, ta yi karatu a Paris, tana jin Faransanci sosai, kuma ta fi son a ja ƙarshen sunanta irin na Faransawa. Jaridu dai Jackie suka riƙe. Zamanta a fadar shugaban ƙasa daga 1961 zuwa 1963 ya sa iyaye da yawa a Amurka suka raɗa wa 'ya'yansu sunan a shekarun 1960. A Faransa kuwa tashensa ya riga wannan lokaci, a yau in an ce Jacqueline, yawanci dattijuwa ake kawowa a rai.

Akwai mata biyu matuƙa jirgin sama da suka nuna wannan bambanci ƙarara. Jacqueline Cochran ta Amurka ita ce mace ta farko da ta tuƙa jirgi ya wuce saurin sauti, a 1953, kuma duniya ta fi saninta da Jackie Cochran. Ba da sunan ma aka haife ta ba, Bessie ne sunan yankanta, ita ta zaɓi Jacqueline da ta girma. Abokiyar gasarta Jacqueline Auriol, matar ɗan shugaban Faransa na lokacin, Vincent Auriol, ita ma ta wuce saurin sauti a wannan shekara. Sun yi shekaru suna ƙwace kambin gudu daga hannun juna, kuma ta Faransa da cikakken sunanta aka san ta.

Ki kula da abu ɗaya in za ki rubuta wa wani wasiƙa. Jacqueline na mace ne a harsunan biyu, babu tantama, amma Jackie maza ma suna amsa shi, kamar Jackie Chan da ɗan wasan Amurka Jackie Robinson. In takarda ta zo miki da Jackie kawai, ki bincika kafin ki rubuta Madam.