Yankari, Gashaka ko Sukur: Ina Za Ka Nufa Da Hutunka?

Kafin ka ɗaure kaya, duba abu uku: watan da za a yi tafiyar, ƙarfin ƙafafun waɗanda za su bi ka, da yanayin tsaron hanya. Galibin masu dawowa suna ƙorafi sun tafi ne a lokacin da bai dace ba.

Ga mai iyali, da yara da tsofaffi, babu kamar gandun dajin Yankari a jihar Bauchi. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244, kuma tun 1962 aka buɗe shi ga baƙi. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sannan a ƙara tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Cika tankinka tun daga Bauchi. A masaukin ne maɓuɓɓugar Wikki take, ruwa garai-garai mai ɗumin digiri 31 rani da damina, har kana hango yatsun ƙafarka a kan farin yashin ƙasa. Ko ba a ga dabba ba, wankan nan ya biya kuɗin mota.

Amma mai son ganin giwa da ɓauna da gwanki ya jira ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu. Dalili kuwa, a lokacin tafkunan daji sun ƙafe, ciyawa ta faɗi, dole dabba ta gangaro kogin Gaji ta sha ruwa. Da damina ciyawa ta fi tsayin mutum, ruwa ko'ina, dabbobi sun watsu. Sai ka yi awa biyu a mota ba ka ga komai ba sai gadu. Fita zagaye da sassafe ko da la'asar sakaliya, tare da ɗan jagora na gandun. Ka guji baƙaƙen kaya da masu shuɗi mai duhu, domin su ƙudan tsando ke bi a bakin kogi. Sai gwaggon biri: sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannun yaro, suna shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Kada a ba su abinci, a rufe taga. Idan da hali a kauce wa ranakun Sallah da ƙarshen shekara, cunkoso kan yi yawa a Wikki.

Gashaka-Gumti kuma wani babi ne daban. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar nan, kuma a kurmukansa akwai manyan biran nan masu kama da mutum, cimfanzi. Ana shiga ta Serti, inda ofishin gandun yake, daga Jalingo ta Bali. Wurin yana son mota mai jan ƙafa huɗu, da takalmi mai ƙwari, da 'yan dako, da rigar sanyi don kwanan kan tudu. Hawan dutsen tafiyar kwanaki ce a ƙafa. Da damina koguna kan cika su datse hanya, don haka Disamba zuwa Maris ne lokacinsa. Mai hutun kwana uku kada ya fara. Hanya kaɗai za ta cinye su.

Ta fuskar tarihi, a ganinmu Sukur ce kan gaba. Tana kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali, jihar Adamawa, kuma ita ce wuri na farko a Nijeriya da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin kayan gadon duniya, a 1999. Za ka hau ne a ƙafa, ta hanyar da aka shimfiɗa wa faffaɗan duwatsu tun zamanin kakanni, ka ratsa gonaki hawa-hawa da aka tokare da jerin duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa, ka wuce tsofaffin wuraren narka tama, har fadar Hidi, sarkin garin. 'Yan Boko Haram sun kai mata hari a 2014, suka ƙona gidaje. Saboda haka kada ka kama hanya sai ka tuntuɓi hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da mutanen yankin, kuma ka yi tafiyarka da rana.

Wuri na biyu daga Nijeriya a jerin UNESCO shi ne kurmin Osun a Osogbo, tun 2005, hekta 75 na itatuwa da sassaƙe-sassaƙe. Ya fi sauran sauƙin zuwa, rabin yini ya isa. Sai dai wurin bautar gargajiya ne na Yarabawa da har yau ake amfani da shi, kuma a watan Agusta bikin shekara kan cika shi maƙil. Mai son gani cikin natsuwa ya zaɓi wani watan.

Idan aljihu bai kai ga ɗayan waɗannan ba, yini guda a birnin Kano ya wadatar: Gidan Makama da safe, marinar Ƙofar Mata kafin azahar, sannan a hau dutsen Dala da yamma idan rana ta yi sanyi.