Kumbon Starliner na Boeing: Shin Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

A shekarar 2014 hukumar NASA ta Amurka ta ba kamfanoni biyu kwangilar ƙera kumbon da zai riƙa kai 'yan sama jannati tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda aka ware wa Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX kuma biliyan 2.6. Kafin a ɗora mutum a kowannensu, sai kumbon ya je tashar ya dawo babu kowa a ciki, kuma a ganina da wannan gwajin ya fi dacewa a auna ingancin Starliner.

Kumbon Dragon na SpaceX ya isa tashar a gwajinsa na farko a watan Maris na 2019. Starliner kuwa, da aka harba shi ranar 20 ga Disamba na wannan shekarar, agogon kwamfutarsa ya kuskure da sa'o'i 11, ya yi ta ƙona mai ba gaira ba dalili har abin da ya rage bai isa ya kai shi tashar ba, aka sauko da shi bayan kwana biyu. Boeing ya ɗauki nauyin maimaita gwajin da kuɗinsa, wanda abin yabo ne, sai dai a watan Agusta na 2021 bawul 13 masu buɗewa da rufe bututun injunansa suka maƙale aka fasa tashi.

Sai a watan Mayu na 2022 kumbon ya haɗu da tashar da kansa, sannan ya sauka lami lafiya a White Sands da ke jihar New Mexico. Saukar nan a kan tudu, da lema da jakunkunan iska, ita ce babbar bajintarsa, domin tana raba shi da gishirin teku da wahalar tsamowa.

Inda nake da ja shi ne yadda aka ɗauki wannan gwajin a matsayin cikakkiyar nasara, alhali wasu ƙananan injunansa sun mutu a hanya. Da aka ɗora 'yan sama jannatin NASA Butch Wilmore da Suni Williams a watan Yuni na 2024, injunan sarrafa kumbon suka sake ba da matsala, iskar hiliyam kuma ta riƙa zurarewa, har NASA ta dawo da shi fanko a watan Satumba. Su biyun sai a watan Maris na 2025 suka dawo gida, a cikin Dragon.