Kofaretib ɗinmu: a yi masalaha ko a kawo akwati?

Mitin ɗin shekara na kofaretib ɗinmu na ma'aikata nan Gombe ya matso, kuma an rabu gida biyu, wasu na cewa dattawa su zauna su fidda ciyaman da ma'aji kamar kullum, wasu sun ce a'a bana sai ƙuri'a.

Masalaha dai tana da daɗinta, ba a ɓata da kowa, kafin la'asar an watse. Amma mu mun gani ai, mutum uku ke juya kujerun nan tsakaninsu, kuɗinmu ake yankewa daga albashi duk wata amma in ka nemi rance sai a ce babu, can kuma ka ji na kusa da ma'aji ya karɓa har sau biyu, rahoton odita kuwa a gurguje ake karanto shi ana raba lemo, wa zai ɗaga hannu ya tambayi oga da zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa?

Zaɓe kam akwai rigima, ba ƙarya. Kamfen a WhatsApp, gulma, wani ma ya daina amsa sallamarka. Sai dai ƙa'idar kofaretib tun wadda aka kafa a garin Rochdale na Ingila a 1844 ita ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, mai ajiyar miliyan da masinja duk ɗaya suke. Kuma mai neman ƙuri'arka dole ya buɗe littafi ya nuna wa aka bai wa bashi, wa ya ƙi biya.

Ni dai akwati nake so, amma a asirce, ban da ɗaga hannu gaban oga.