Zaɓen fim ga masu shan ƙaramin awon laimar kwaɗi mai juya tunani: wanne ke kwantar da hankali, wanne ke tayar da shi

A birane irin su Amsterdam da Denba, inda doka ta ɗan sassauta, akwai masu shan ɗan mitsitsin kaso na laimar kwaɗi mai ɗauke da sinadarin silosaibin, kason da ba a nufin ya kai ga sa mutum gane-gane. Da yawansu kan zauna a gida su kunna fim. Shawarar da aka fi ba su ita ce su nemi fim mai launuka masu rikita ido da labari mai wuyar fahimta, kuma a ganinmu ita ce shawarar da ta fi jefa mutane cikin wahala.

Sai dai kafin maganar fim, a san inda abin ya tsaya. Holan ta haramta sayar da laimar kanta a 2008, amma ta bar ƙullutunta da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa, ana sayar da shi ga manya a shaguna. Jihar Kolorado ta Amurka, inda Denba take, ta cire hukunci kan amfanin kai ga wanda ya kai shekara 21 bayan ƙuri'ar 2022, ba tare da halatta ciniki ba. Jihar Oregon, ita ma a Amurka, ta amince tun 2020, amma sai a cibiya mai lasisi, ƙarƙashin mai sa ido, ba a falon gida ba. A Nijeriya da Nijar haramtaccen abu ne a doka, kuma hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne ya riga ya rufe ƙofar "ai ɗan kaɗan ne" ga Musulmi. Ta fuskar lafiya, mai shan litiyam, wani maganin taɓin hankali, na cikin haɗarin farfaɗiya idan ya haɗa shi da laimar, wanda ke da taɓin hankali a danginsa na iya tono abin da ke kwance, masu ciwon zuciya ma ba su da dalilin gwadawa. Amfanin da ake yayatawa kuwa, binciken da masana na Kwalejin Imperial ta Landan suka fitar a 2021 kan mutum 191 ya nuna waɗanda suka sha ƙwayar banza ba tare da sun sani ba sun ji sauƙi kusan daidai da waɗanda suka sha na gaske. Babu fim ɗin da zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya sa zaɓin ke da muhimmanci

Ƙarfin sinadarin ba ɗaya ba ne daga laima zuwa laima, ko da a wuri guda aka tsiro su. Saboda haka wanda ya yi nufin kaɗan yakan wayi gari ya wuce gona da iri, kuma ba zai gane ba sai bayan minti ashirin zuwa arba'in, abin kuma ya fi ƙarfi tsakanin awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Lissafa da kyau: wannan shi ne daidai lokacin da fim mai tsawon awa biyu ke shiga wurin da rikici ya fi zafi. To fim ɗin da ya dace shi ne wanda ba zai cutar ba ko da awon ya kuskure.

Abubuwa uku ke canzawa a jiki. Baƙin ido na buɗewa, sai haske ya riƙa soka ido. Ciki kan motsa a awar farko. Zuciya kuma tana yin laushi, abin da da mutum zai kalla ya wuce sai ya zauna masa a rai. Daga nan ma'aunin ya fito: tsawon fim, saurin yanka hoto, walƙiyar haske, girgizar kyamara, da kuma abin mamaki mara daɗi da ke ɓoye a tsakiya. Fim mai minti 75 zuwa 90 ya fi mai awa biyu da rabi. Fina-finan faɗa na zamani kan sauya hoto kusan kowane daƙiƙa biyu ko uku, ido ba ya samun wurin hutawa. Fim ɗin da aka ɗauka da kyamara a hannu tana rawa, irin Cloverfield na 2008, ya sa masu lafiya ƙalau tashin zuciya a sinima, balle wanda cikinsa ke juyawa.

Walƙiya ita ce babbar magana. Ƙa'idar gidajen talabijin a Birtaniya ita ce kada haske ya ƙyafta fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya. A watan Disamban 1997 wani kashi na zanen Pokémon ya nuna ja da shuɗi suna ƙyaftawa da sauri, aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti a Japan. Incredibles 2 na 2018, fim ɗin yara ne sak, amma sai da gidajen sinima suka liƙa gargaɗi a ƙofa saboda walƙiyar da ke cikinsa. Enter the Void na Gaspar Noé, wanda ake yawan ambata wa masu wannan harka, tun daga rubutun sunaye na farko walƙiya ce zalla. A cire shi daga lissafi baki ɗaya.

Fina-finan da ba a magana a cikinsu

Nan ne ake yawan tura mutane, kuma nan ne ya kamata a fi buɗe ido. Baraka na 1992 da Samsara na 2011, duka aikin Ron Fricke, an ɗauke su da fim mai faɗin milimita 70, babu mai bayani, babu jarumi, sai hoto da kiɗa. Kyawunsu ba abin musu ba ne: duwatsu, wuraren ibada, taurari suna zagaya sama, har da ɗawafi a Ka'aba da aka ɗauko daga sama. Amma wanda ya ce maka fina-finan natsuwa ne daga farko har ƙarshe bai kalle su da kyau ba. A tsakiyar Baraka akwai 'yan tsaki da ake watsawa a kan bel ɗin masana'anta ana ƙona musu baki, akwai ƙoƙunan kawunan mutane a Kambodiya, akwai rijiyoyin man Kuwait suna ci da wuta, akwai ƙona gawa a bakin kogin Ganges. Samsara ya fi tsanani. Ban da mahautar zamani da ake rataye dabbobi jere, akwai wani ɗan wasa Bafaranshe, Olivier de Sagazan, zaune a teburin ofis sanye da kwat, yana shafa wa fuskarsa yumɓu yana yagewa har ta koma abin tsoro. Minti kaɗan ne, amma ga wanda zuciyarsa ta yi laushi ya isa ya ɓata sauran yinin. Wanda ya nace sai ya kalle su, ya fara kallo da idonsa garau wata rana, ya rubuta mintin da zai tsallake.

Koyaanisqatsi na 1982 matsalarsa daban ce. Rabin farko a hankali yake tafiya, gajimare da hamada. Daga baya kiɗan Philip Glass ya ɗauki gudu, motoci da mutane da injina suna tsere a allo na tsawon lokaci ba hutu, sai bugun zuciya ya bi kiɗan. Ya kuma ƙare da roka tana fashewa a sama.

Wanda muka fi yarda da shi a wannan rukuni shi ne Microcosmos na 1996, da aka ɗauka a wani fili mai ciyawa a Faransa. Bai wuce minti 80 ba. Ƙwari ne kawai: buzuzu yana tura dunƙulen kashinsa ya maƙale a ƙaya yana ta fama, ɗigon ruwan sama yana faɗowa kan ganye kamar dutse, tururuwa na aikinsu. Mai ƙyamar gizo-gizo ko tsutsa ne kaɗai zai guje shi. The Red Turtle na 2016, zane ne mara magana, launinsa a sanyaye, amma akwai igiyar ruwa mai share tsibiri da kuma mutuwa a ƙarshe. Flow na 2024, daga Latbiya, labarin kyanwa ce a cikin ambaliya. Yana da kyau matuƙa, sai dai kyanwar na kusa da nutsewa sau da dama, mai son dabbobi zai sha fargaba.

Zanen Japan da shirye-shiryen namun daji

Sunan Ghibli, kamfanin fina-finan zane na Japan, kaɗai ba tabbaci ba ne. My Neighbor Totoro na 1988 shi ne mafi aminci: minti 86, babu mugu a ciki, damuwarsa ɗaya ita ce uwa na asibiti da ƙaramar yarinya da ta ɓace na ɗan lokaci, kuma an gan ta. Spirited Away na 2001 ya haura awa biyu, tun farkonsa iyayen yarinya suka rikiɗe aladu, ga wata halitta mai haɗiye mutane tana amayar da su. Grave of the Fireflies, wanda ya fito shekara ɗaya da Totoro daga kamfani ɗaya, labarin yara biyu ne da yunwa ta kashe a lokacin yaƙi.  Fantasia na 1940, zanen kamfanin Disney na Amurka, yana da sauƙin sarrafawa domin kashi-kashi ne, kowanne da kiɗansa, sai a tsallake na aljanin kan dutse da ke kusa da ƙarshe.

Shirye-shiryen namun daji suna da fa'ida guda da fim ba shi da ita: kowane kashi bai cika awa ɗaya ba, kuma muryar David Attenborough, mai bayani a yawancinsu, ba ta tashi sama. Amma daji daji ne. A kashin farko na Planet Earth II na 2016, macizai sun yi wa jaririn ƙadangaren ruwa rubdugu a tsibirin Galapagos, da kiɗa mai tsinka zuciya. A Our Planet na 2019, manyan dabbobin teku masu haure suna faɗowa daga kan dutse suna mutuwa a gaɓar Rasha. Kashin da ya shafi tsirrai ko ƙarƙashin teku ya fi na farauta.

Akwai kuma Fantastic Fungi na 2019, wanda kusan kowa ke ambata. Hotunan tsirowar laima a cikinsa suna da ban sha'awa, amma rabinsa na biyu yabon silosaibin ne, da labaran masu ciwon daji. Fim ɗin da ke zuga mutum ya ƙara sha bai dace da lokacin da hukuncinsa ya yi rauni ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, fim ɗin da mutum ya riga ya kalla sau biyu ko uku, ya san inda za a yi dariya da inda za a yi kuka, ya fi duk waɗannan. Tsohon fim ɗin barkwanci da aka saba da shi ya fi sabon fim ɗin da ya ci lambar yabo. Wanda kuma ba ya son labari sam, gidan talabijin na NRK a Norway ya nuna tafiyar jirgin ƙasa daga Bergen zuwa Oslo a 2009, sama da awa bakwai, kyamara a gaban jirgi, dusar ƙanƙara da ramukan dutse kawai. Ana iya tashi a dawo ba a rasa komai ba.

Saya, haya, ko kallo ta intanet

Manhajar kyauta mai talla ita ce mafi muni. Ana cikin kallon ciyawa da kiɗa mai sanyi sai talla ta faɗo da ƙara da haske, wani lokaci ma tallar fim ɗin tsoro. Biyan kuɗin wata ya fi, amma a shiga saiti a kashe abubuwa biyu: kunna samfurin fim da kansa yayin da ake lalube, da kuma wucewa zuwa shiri na gaba ba tare da an danna ba. A Netflix duka biyun suna cikin saitin asusu. Haya a Apple TV ko Prime Video yawanci tana ba da kwana 30 kafin a fara, da awa 48 bayan an fara, wanda ya isa a yi kallon gwaji yau a maimaita gobe. Faifan Blu-ray ya fi dacewa da irin su Baraka, wanda aka sake kwafe shi da inganci mai girma a 2008, domin intanet mai rauni kan farfasa hoton sama da wurare masu duhu zuwa murabba'ai, kuma mai wannan hali zai iya zaton idonsa ne.

Kafin a biya ko sisi, a duba sashen gargaɗin iyaye na IMDb, shafin bayanan fina-finai, da shafin Does the Dog Die, inda masu kallo ke rubuta ko akwai walƙiya, mutuwar dabba, amai, ko abin firgita kwatsam. Aikin minti biyar ne, kuma a yi shi tun da safe, ba bayan an sha ba.

Saitin talabijin ma yana da nasa. A rage hasken allo zuwa rabi ko ƙasa, a bar ƙaramar fitila a kunne a bayan akwatin don kada ɗaki ya yi duhu ɗulum. A kashe saitin da ke sulɓe motsi, wanda ke sa fuskokin mutane su zama kamar na roba. A sababbin talabijin zaɓin Filmmaker Mode yana kashe shi. A kunna saitin sauti na dare, wanda ke rage tazara tsakanin raɗa da fashewa. Lasifikar kunne tana kulle mutum cikin fim, gara ta ɗaki. Fim mai fassara a rubuce yana gajiyar da ido, wanda aka yi wa murya ya fi sauƙi.

Idan gefen allo ya fara lanƙwasa, ko bango ya yi kamar yana numfashi, to awon ya wuce abin da ake kira ƙarami. A tsayar da fim, a kunna fitila, a zauna kusa da wani mai hankali garau wanda ya san abin da aka sha, kada a taɓa tuƙi har sai gari ya waye. Ciwon ƙirji, farfaɗiya, ruɗewar da ta ƙi lafawa, ko tunanin cutar da kai, waɗannan na asibiti ne nan take, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha da lokacin da aka sha shi.