Gyaran shafin dillanci ko rushe shi a sake ginawa: amsa ga tambayar Alhaji

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na karanta tambayar da ka kawo zaure, kuma ga yadda na fahimce ta. An gina maka shafin intanet a 2017 domin tallan filaye da gidajen sayarwa da na haya da ke hannun ofishinka na titin gidan Zoo a Kano. A 'yan shekarun nan kiran da yake shigowa ta shafin ya ja baya ƙwarai, har ka daina ba mutane adireshinsa. Masu aikin kwamfuta biyu kuma sun ba ka shawarwari masu karo da juna: ɗaya ya ce kwaskwarima kawai yake buƙata, ɗayan ya ce a rushe shi a sake sabo. Na daɗe ina kula da shafukan 'yan kasuwa a garin nan, don haka zan ajiye hanyoyin biyu kusa da juna in auna maka su.

Shekarun shafi ba su ne ma'auni ba, haka ma tsufan launinsa. Ka fi ni sanin bambancin gidan da fentinsa ya koɗe da gidan da harsashinsa ya zauna, domin na farko mai fenti ne zai gama da shi, na biyu kuwa duk abin da aka kashe a kan bangonsa asara ce. Abin da ake kira kwaskwarima shi ne a bar ginin shafin yadda yake, a rage nauyin hotuna, a sabunta manhajoji, a gyara rubutu da lambobin waya, a cire kadarorin da aka sayar. Sake ginawa kuwa shi ne a sauya tsarin da shafin yake zaune a kansa gaba ɗaya, a kwashe bayanan da ke da amfani zuwa sabon wuri.

Kafin a zo ga zaɓi, akwai tambayar da ta riga su duka biyun: da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin, kuma a hannun wa kalmomin sirrin ma'ajiyarsa suke, wato wurin da ake haya a intanet domin ajiye shafin? Na taɓa karɓar aikin wani dillali wanda ya shekara biyar yana biyan kuɗin sabuntawa ta hannun yaron da ya gina masa, sai ranar da yaron ya bar gari ya sauya lamba aka gano cewa komai da sunansa yake. Adireshin ya faɗi, ba mu iya dawo da shi ba, kuma duk katunan ofis da allunan da aka kafa a filaye suna ɗauke da shi. Idan adireshinka yana ƙarewa da .ng, yana ƙarƙashin kulawar hukumar NiRA ne ta hannun kamfanonin rajista da ta amince da su, kuma kana iya neman a mayar da shi sunanka ko sunan kamfaninka. Matuƙar makullan ba sa hannunka, kwaskwarima ma ba za ta yiwu ba, domin babu mai gyara ɗakin da bai iya shiga ba.

Babban abin da ke raba hanyoyin biyu shi ne yadda shafin yake buɗewa a wayar hannu. Mutanen da ke neman fuloti a Ɗanbare ko gidan haya a Tarauni a waya suke dubawa, yawancinsu kuma ba manyan wayoyi ba ne. Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya a sakamakon bincike tun watan Afrilu na 2015, daga 2018 kuma ya shiga auna shafuka da fuskar da suke nunawa a waya maimakon ta kwamfuta, har ya sanar da kammala wannan sauyi a 2023. Gwajin ba ya buƙatar ƙwararre. Ka karɓi wayar ɗaya daga cikin yaran ofis, ka kashe wayifai, ka buɗe shafin da data a unguwar da sabis ba ya da ƙarfi. Idan rubutu ya daidaita da faɗin wayar, hotuna suka jeru a ƙarƙashin juna, lambar waya kuma tana dannuwa ta kira kai tsaye, to ginin yana da kyau, abin da ya rage gyara ne. Idan kuwa sai an sa yatsu biyu an buɗa rubutu kafin a karanta, ana jan shafin hagu da dama, maɓallai sun cunkushe, to an gina shi ne domin allon kwamfuta, kuma irin wannan aibi a harsashi yake. Ana iya yi masa faci, na ga an yi, amma facin yakan ci kusan kuɗin sabon aiki, ya kuma karye duk lokacin da aka taɓa wani ɓangare. A nan mai cewa a rushe shi ne yake da gaskiya.

Jinkirin buɗewa kuwa sau da yawa ba ya kai ga rushewa, kuma a nan ne ake yawan cutar masu shafuka. Hoton da wayar zamani take ɗauka yakan kai megabayit uku zuwa biyar, saboda haka gida ɗaya mai hotuna ashirin da aka ɗora yadda suke zai iya cinye wa mai dubawa kusan megabayit ɗari. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairu na 2025, mutane sun ƙara lissafin abin da suke buɗewa. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi, kuma manhajar PageSpeed Insights tana auna wannan kyauta ga duk wanda ya rubuta adireshin shafinsa. Idan ta nuna cewa hotuna ne matsalar, a matse su zuwa ƙasa da rabin megabayit kowanne, a juya su zuwa nau'in hoto mara nauyi da ake kira WebP, aikin kwana ɗaya ko biyu ne. Wanda ya nemi a rushe shafi saboda nauyin hotuna kaɗai bai yi maka adalci ba.

Batun tsaro ya rabu biyu. Tun watan Yuli na 2018 manhajar Chrome take nuna gargaɗin rashin tsaro a kan shafin da adireshinsa bai fara da https ba, kuma mutumin da ke shirin ba ka miliyoyi ba zai ji daɗin ganin wannan gargaɗi a kusa da sunanka ba. Maganinsa mai sauƙi ne, domin akwai tsarin da ake kira Let's Encrypt da ke ba da takardar tsaron da ke mayar da shafi https kyauta, yawancin ma'ajiyu kuma suna sabunta ta da kansu. Ɓangare mai nauyi shi ne injin da ke ƙarƙashi. Shafuka da yawa na wancan lokaci a kan manhajar gina shafuka ta WordPress aka gina su, da harshen kwamfuta na PHP. Idan rigar da aka sa wa shafin, wato shiryayyen zanen da ke ba shi kama da tsari, da ƙananan manhajojin da aka maƙala masa har yanzu masu su suna fitar da sabuntawa, sai a ɗauki kwafin ajiya a sabunta komai. Idan kuwa an yi watsi da su, ko satar su aka yi ba a saya ba, shafin zai maƙale a tsohon PHP, alhali ko nau'in 7.4 an daina toshe masa ɓaraka tun watan Nuwamba na 2022. Shafi irin wannan duk ranar da aka matsa masa sabuntawa sai ya mutu, idan aka bar shi kuma masu kutse su cika shi da tallan caca. Haka nan duk wani ɓangare da aka yi da Flash, tsohuwar manhajar hotuna masu motsi, ya riga ya mutu, domin kamfanin Adobe ya janye tallafinsa a ƙarshen 2020.

Abin da na fi so ka tsaya a kansa, Alhaji, shi ne ko kai ko yaronka kuna iya ɗora sabon gida ku cire wanda aka sayar ba tare da kiran kowa ba. Kayan dillali ba sa zama. Filin da aka yi cinikinsa jiya, aka ba da kafin alƙalami, bai kamata a gan shi a shafi yau a matsayin na sayarwa ba, farashin da aka rubuta kafin a saki darajar naira a watan Yuni na 2023 kuwa ya zama tarihi. Mutum ya kira a kan gida uku, a ce masa duk an sayar tun bara, ba zai yi kira na huɗu ba, kuma zai ɗauka cewa da gangan aka bar su domin a janyo shi. Idan shafin yana da ƙofar shiga ta mai shi amma ba a koya muku ba ne, ko an koya an yi sakaci, wannan laifin ofis ne, kuma sabon shafi zai tsufa cikin wata shida a kan hali ɗaya. Idan kuwa kowane gida an rubuta shi ne da hannu a cikin ginin shafin, ta yadda sai magini ya zo kafin a sauya farashi, babu kwaskwarimar da za ta warkar da shi.

A nan ne kuma ake ganin ko shafin ya san Kano. Rigunan da ake saya daga waje suna zuwa da guraben da suka dace da kasuwar Amurka ko Ingila, mai saye a nan kuwa tambayoyinsa daban ne. Yana son ya san unguwa, ko Hotoro ce ko Rijiyar Zaki ko Jaba, da girman filin, ko hamsin da ɗari ne ko rabinsa, ko awon gwamnati ne ko awon igiya, kango ne ko gamammen gida, akwai rijiyar burtsatse ko babu, motar mutum tana shiga layin da damina ko ba ta shiga. Sama da komai yana son ya san takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, saboda haka bambanci tsakanin fili mai takardar shaidar mallaka da wanda ke da takardar ciniki da shaidar mai unguwa kawai bambanci ne na farashi da na kwanciyar hankali, kuma mai saye mai lura zai je ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen jihar Kano ya bincika. Shafin da ke barin mutum ya tace kadarori ta unguwa da farashi da nau'in takarda yana yi maka rabin aikin kafin a ɗaga waya. Idan tsarin da kake da shi yana karɓar ƙarin gurabe, a ƙara su. Idan ba ya karɓa, wannan ma hujja ce ta sake gini. Ina dai roƙonka kada a ɗora cikakken hoton takardar kowa a shafi, a faɗi nau'inta kawai, domin 'yan damfara suna kwafar irin waɗannan hotuna su sayar da filin da ba nasu ba.

Ta fuskar kuɗi da haɗari kowace hanya tana da nata. Kwaskwarima ta fi arha, ba ta rufe shafin, kuma ba ta taɓa matsayin da ya samu a Google cikin shekaru. Illarta ita ce idan ginin ruɓaɓɓe ne za ka yi ta biya kaɗan-kaɗan ba tare da ka ga ƙarshe ba. Sake ginawa yana cin kuɗi a dunƙule da makonni na aiki, kuma yana da tarkon da mutane ba sa gani: idan adiresoshin shafukan ciki suka sauya ba tare da an sa umarnin juyawa mai lamba 301 daga tsoho zuwa sabo ba, duk wanda ya zo daga Google ko daga tsohon saƙon WhatsApp zai tarar da shafi babu kowa. Ka kuma tambayi kuɗin shekara-shekara tun kafin a fara, domin ma'ajiya da manhajojin da ake biya da dala sun yi tsada sosai a naira.

Wasu abubuwan kuma za a yi su ko wace hanya ka bi: maɓallin WhatsApp a jikin kowace kadara, lambar rajistar kamfani ta hukumar CAC da adireshin ofis a fili, da taswirar da ke kai mutum ƙofarka. Idan akwai fom da ke karɓar suna da lambar waya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe ka, don haka a karɓi abin da ake buƙata kawai, a kuma faɗi abin da za a yi da shi.

Raguwar kira ma a bincika ta kafin a ɗora wa shafin laifi duka. Tallan gidaje da yawa ya koma Facebook da Instagram da TikTok da kasuwanni irin su Jiji, kuma mai yiwuwa masu sayenka can suka koma. Idan a 2017 aka haɗa maka ma'aunin baƙi na Google, tsohon nau'in ya daina ƙirga komai tun 1 ga Yuli 2023, sai a haɗa sabon tare da Search Console, mai nuna yadda ake samun shafin a binciken Google, a bar su wata guda. Idan mutane suna shigowa suna fita ba su kira ba, matsalar tana cikin shafin. Idan ba sa shigowa ma, sabon gini shi kaɗai ba zai kawo su ba. Duk da haka ba na ba ka shawarar barin shafin ka dogara da kafafen sada zumunta kaɗai, domin ana rufe asusu ba sanarwa, kuma ɗan Kano da ke zaune a Legas ko Saudiyya yana son ganin tabbataccen wuri kafin ya turo ɗan'uwansa ya ga fili.

Hukuncina a kan naka shi ne ka fara karɓar makullai, sannan ka yi gwajin waya, sannan ka sa yaronka ya gwada ɗora gida ɗaya da kansa. Idan shafin ya tsallake gwaje-gwajen biyu, ka ba mai kwaskwarima aikin, ka ware mutum ɗaya a ofis da zai riƙa tsaftace jerin kadarori duk mako. Idan ya faɗi ko da ɗaya daga cikinsu, ko aka tarar rigarsa ba ta sabuntuwa, ka sake ginawa, amma a rubuta yarjejeniya: adireshi da ma'ajiya da sunanka, a juya tsofaffin adiresoshi zuwa sababbi, a koya wa mutum biyu ɗora kadara, kuma kada ka cika ragowar kuɗi sai ka buɗe shafin a ƙaramar waya da idonka. Idan ka yi gwaje-gwajen, ka kawo sakamakon zaure mu duba tare kafin ka sallama wa ɗaya daga cikinsu.