Ɗanyar shuwaka ko busasshiya ta leda?

'Yar'uwa, tunda miyar Baba mai ciwon suga za ki riƙa yi, ɗanyar za ki saya.

Da ɗanyen ganye ke ce mai iko da ɗacin. Ɗauri biyu manya sun ishi tukunyar mutum shida. Tsinke ganyen, ki baza shi a rana kamar rabin awa ya ɗan yi yaushi, in ba haka ba wajen murza zai dagargaje miki ya bi ruwa. Barbaɗa gishiri cokali ɗaya, ki murza tsakanin tafukan hannu kamar mai wankin tsumma. Kumfa zai taso, ruwan ya yi kore shar. Matse, canza ruwa, ki sake. A wanki na uku ki tsaya ki ɗanɗana: ɗacin da harshe zai iya ɗauka shi ake so ya rage. Masu wankewa sau bakwai har ganyen ya yi salam, abin da suke nema sun zubar da shi a kwata. Kanwa kuma kar ta shiga, tana narkar da ganyen ya koma kamar kunu, ta kuma lalata sinadaransa.

Ki soya albasa a manja ludayi ɗaya, ki zuba jajjagen tattasai da attaruhu, daddawa, busasshen kifi da romon nama. Dama agushi kofi ɗaya ki saka, ki rage wuta minti 15 har man ya taso sama. Shuwakar ce ta ƙarshe, minti 10 ya ishe ta. Ga mai suga, tuwon dawa ko na acha madaidaici ya fi sakwara dacewa da ita.

Busasshiyar tana ajiyuwa, iyakacin amfanin da zan faɗa a kanta ke nan. Sai kin jiƙa ta a ruwan zafi, kin rairaye yashi, kuma in ba ta bushe da kyau ba za ki ji warin fumfuna.

A kasuwa ki yi hattara da wadda aka riga aka wanke aka dunƙule. Wasu masu sayarwa na cakuɗa ta da wani ganyen daban, don in an murje ba mai iya bambancewa da ido. Tauna kaɗan ki kora da ruwa, ta gaskiya bayan ɗacin tana barin ɗan zaƙi-zaƙi a baki.

Shuwaka tana iya sauke suga. In Baba yana shan ƙwayar maganin suga ta metformin ko yana karɓar allurar insulin, kar a haɗa masa da kofin ɗanyen ruwanta da safe, sugar na iya faɗuwa ƙasa sosai, ya fara jiri, zufa da rawar jiki. Maganin asibiti kuma ba a ajiye shi saboda miya. Mai ciki ma ta bar ɗanyen ruwan.

In kin samu ganye mai yawa, wanke ki matse, ki ƙulla ƙanana a leda ki jefa firiza, ƙulli ɗaya miya ɗaya.